Hawan Marmara a Gefen Fadamar Rima: Nazarin Lamarin Wani Manomi da Kekensa Mai Giya

Wanda ya biyo kwalta daga Gusau ya shigo Sakkwato zai iya rantsewa cewa ƙasar nan a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara. Masu noman rani a fadamar Rima sun san ba haka abin yake ba. Garuruwa da ƙauyuka suna kan tudu don gudun ambaliya, gonaki suna ƙasa inda ruwa yake, kuma tsakanin gida da gona akwai gaɓar da dole a haura ta kowace rana. Wurno kanta, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zaman ribaɗi har ya rasu a 1837, a kan tudu take tana kallon fadama. Irin waɗannan hawa ba su da tsawo, ba za a haɗa su da duwatsun Jos ko na Mambila ba. Gajeru ne, amma suna da tsauri, kuma ƙasarsu ba ta riƙe taya. Wannan rubutu a kan ɗaya daga cikinsu ne, da wani matashi da ya kasa haura shi da keken da aka ƙera musamman don hawa.

Matashin ɗan yayata ne. Yana zaune a wani ƙauye ta wajen Wurno, yana noman albasa da tafarnuwa. Shekarunsa ashirin da 'yan kai, ƙaƙƙarfa ne, irin wanda ke ɗaga buhu shi kaɗai ya ɗora wa jaki. Tun yana yaro da keken gida yake zuwa gona, baƙin keken nan mai giya ɗaya, kuma kullum a gindin hawan yake sauka ya tura. Da ya sayar da albasa sai ya shigo birni ya sayi keken gwanjo mai giya 21, kayan kamfanin Shimano, taya inci 26, da shokazoba a gaba. Buƙatarsa ɗaya ce: ya taso daga gona ya isa ƙofar gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Bayan 'yan makonni bai taɓa kai wa saman hawan a kan keke ba, sarƙa ta tsinke masa sau biyu, gwiwarsa ta dama ta fara ciwo, har ya fara cigiyar mai saye.

"Kawu, keken ga bai da ƙarhi," in ji shi. "In na taka, tayar baya ta riƙa juyawa wuri guda. In na sa giya, sarƙa ta yi ƙara ta katse. An dai cuce ni."

Na daɗe ina hawan irin wannan keke a hanyoyin ƙauye, don haka na roƙe shi ya jingine maganar sayarwa har in ga hawan da idona, in kuma ga yadda yake bin sa.

Hawan da yadda yake bin sa

Mun auna hanyar da manhajar waya mai nuna nisa da tsayi. Daga bakin gona zuwa inda ƙasa ta daidaita kimanin mita 220 ne, tsayin da ake haurawa kuma kusan mita 22. Wato a kowace mita 100 ana ɗagawa mita 10. A kan kwalta wannan ba abin tsoro ba ne ga matashi mai lafiya. Sai dai lissafin yana ɓoye gaskiyar wurin, domin hawan ba iri ɗaya ba ne daga ƙasa zuwa sama.

A gindinsa akwai rairayi mai laushi, kamar mita 40, wanda ruwan damina ya wanko daga sama ya tara, jakai da amalanke suka ƙara tumurmushe shi. Daga nan sai doguwar tsakiya, kusan mita 150, ƙasa mai tauri wadda jar tsakuwa 'yar mulmulalliya ta lulluɓe, ga kwarin da zaizayar ruwa ta haƙa yana ratsa hanya daga hagu zuwa dama. Sai mita 30 na ƙarshe, inda ya fi tsauri, marmara ta fito fili. Dab da sama akwai wani ɗan dakali na dutse, tsayinsa bai wuce santimita 15 ba, amma yana tarar mutum ne daidai lokacin da numfashinsa ya ƙare.

Na tsaya a gefen hanya, tsakiyar hawan, na ce ya taho yadda ya saba. Daga nesa ya taso da gudu, sarƙa a kan babban farantin gaba, wato faifan nan mai haƙora da feda ke juyawa, yana neman ya tara ƙarfin da zai cilla shi sama. Yana shiga rairayi gudun ya mutu, kan keken ya shiga lilo, ya yi ta kokawa da shi har ya fito da saurin mai tafiya a ƙasa, giyar kuma tana nan a mai nauyi. Sai ya miƙe tsaye a kan feda, ya turo ƙirji har ya wuce kan keke, ya danna da dukan nauyinsa. Tayar baya ta yi fir, ta watso tsakuwa. Ya sake dannawa, ta sake zamewa. A nan ne ya tuna da giya, ya murɗa ta alhali nauyinsa duk yana kan feda, sarƙa ta yi wani gurnani da na jiyo daga inda nake tsaye. Ya sauke ƙafa. Ko kashi ɗaya cikin uku na tsakuwar bai ci ba, amma haki yake yi ba na wasa ba.

Da na duba keken sai na ga sauran labarin. Sirdin yana ƙasa ƙwarai, yadda zai zauna ya dafa ƙasa da tafin ƙafa biyu. Tayoyin mai faci ya cika su da injin iska har yatsa ba ya lotsa su ko kaɗan. Sarƙa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai da ƙura. Ƙaramin farantin gaba kuwa haƙoransa tas suke, babu alamar sarƙa ta taɓa hawa kansa tun da keken ya shigo hannunsa.

Ba zan kira ko ɗaya daga cikin abin da ya yi wauta ba. Tasowa da gudu, miƙewa tsaye, dannawa da nauyin jiki, duk dabarun keke mai giya ɗaya ne, kuma a kan ƙasa mai tauri suna aiki. Da su ya girma. Amma a wannan hawan rairayi yana ƙwace gudun tun kafin a fara, tsakuwa kuma tana hukunta duk wanda ya miƙe.

Maganar giya

A nan na fi daɗewa da shi, domin a nan fahimtarsa ta karkace. Keken nasa yana da faranti uku a gaba, masu haƙora 42 da 34 da 24, da jeri bakwai a baya, daga mai haƙora 14 zuwa mai 28. Tayar inci 26 in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa mita 2 da ɗan ɗoriya. Idan sarƙa tana kan 42 a gaba da 14 a baya, zagayen feda ɗaya yana juya taya sau uku, keke ya tafi fiye da mita 6. Shi yana shiga hawan ne a kan 42 da 18, wato kusan mita 4.8 a kowane zagaye. Idan aka sauko zuwa 24 a gaba da 28 a baya, zagaye ɗaya bai kai mita 1.8 ba.

Shi da keken da ɗan kayansa sun kai kilo 90. Babu giyar da za ta rage wannan nauyi ko ta rage mita 22 ɗin da za a ɗaga shi. Abin da giya ke yi shi ne ta rarraba aikin. A giyarsa ta farko zagaye 46 ake nema a gama hawan, kowanne da ƙarfin da ya fi ƙarfin gwiwa. A ƙaramar giya zagaye 124 ne, kowanne da kusan kashi ɗaya cikin uku na wancan ƙarfin. Na ce masa ya tuna da buhun albasa: ko ka saɓa shi gaba ɗaya ka haura sau ɗaya, ko ka raba shi kwando uku. Albasar da ta isa gida ɗaya ce, amma bayan da ya ɗauka ba ɗaya ba ne.

Akwai abin da ya fi sauƙin gwiwa muhimmanci a kan tsakuwa. Riƙon da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka, kuma iyakar tana bin nauyin da ke kan tayar da irin ƙasar da take takawa. Duk dannawar da ta wuce wannan iyaka ba ta tura keke gaba, tsakuwa kawai take watsarwa. Mai danna feda da ƙarfi lokaci guda, sannan ya saki, sannan ya sake dannawa, yana tsallake iyakar a kowane taku. Mai juya feda a hankali ba yankewa yana zama a ƙarƙashinta. Ga shi kuma in mutum ya miƙe ya turo jiki gaba, ya ɗauke nauyi daga tayar baya, wadda ita ce mai tura keken, iyakar ta ƙara yin ƙasa. Saboda haka ƙarfin yaron nan, wanda yake tinƙaho da shi, shi ne ke kayar da shi. Da mai rauni ne da tayar ba ta zame haka ba.

Na tambaye shi me ya hana shi amfani da ƙaramin faranti. Dalili biyu ya ba ni. Na farko, ko ya murɗa, sarƙa ba ta sauka can. Na biyu ya faɗe shi yana sunkuyar da kai: samarin ƙauyen suna yi wa mai ƙaramar giya dariya, wai yana ta taka iska keke ba ya tafiya, giyar raggo ce. Wannan magana ta fi ta farko wuyar gyara, kuma na ɗauke ta da muhimmanci. Na gaya masa cewa keken hawa dutse ya samo asali ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, inda wasu matasa ke gangarowa daga duwatsu da tsofaffin kekuna masu nauyi, sannan suka riƙa ɗaura musu giya don su iya haurawa da ƙafarsu. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, kuma tun 1996 tseren wannan keke yake cikin wasannin Olamfik. In ka kalli zakarun tseren a hawa mai tsauri, a zaune za ka gan su galibi, ƙafa tana juyawa da sauri, sarƙa a kan babban haƙorin baya. Giyar da ake yi wa dariya ita ce dalilin ƙera keken.

Wurin mai gyara

Mun kai keken wurin wani dattijo mai gyaran keke a cikin birni. Wayar giyar gaba ta yi tsatsa ta maƙale, sukurun da ke iyakance ƙarfen da ke tura sarƙa kuma an ɗaure shi fiye da kima. Ya sauya waya, ya sassauta sukuru, sarƙa ta fara sauka kan ƙaramin faranti da murɗa ɗaya. Sannan ya ɗauko ma'auni ya gwada sarƙar. Gaɓa 24 na sabuwar sarƙa, in an ƙirga daga ƙusa zuwa ƙusa, inci 12 ne cif, in sun wuce haka da kashi ɗaya cikin takwas na inci to ta gama aiki, kuma ta riga ta cinye haƙoran baya. Tasa ta kai nan. Aka sayi sabuwa tare da sabon jerin baya, domin sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora tsalle take yi.

"Baba, mi ke katse ta?" yaron ya tambaya.

Dattijon ya lanƙwasa tsohuwar sarƙar gefe ya nuna masa. "Ɗana, dubi nan. Lokacin da take ƙaura daga wannan haƙori zuwa wancan, a karkace take. In ka danne ta a wannan hali, ƙarfen gefe ya zame daga ƙusa. Kuma duk inda aka haɗa da guduma, nan za ta sake buɗewa." Ya kuma hana shi baƙin mai, domin in ya haɗu da ƙurar hunturu abin da ke fitowa yana goge ƙarfe ne. A wanke da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai marar kauri gaɓa-gaɓa, a goge na waje da tsumma.

Sirdi muka ɗaga da kusan faɗin yatsu huɗu. Ma'aunin mai sauƙi ne: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kuma haka ake so. A dai kula da zanen da ke jikin sandar sirdi, kada a zaro ta ta wuce shi. Sirdi a ƙasa tare da giya mai nauyi sanannen dalili ne na ciwon gaban gwiwa, kuma yaron ya haɗa biyun. Ya yi ƙorafin cewa yanzu ƙafarsa ba ta kai ƙasa, na nuna masa yadda ake zamowa gaba daga sirdi kafin a tsaya. Na kuma ce masa in ciwon bai lafa ba bayan gyaran, asibiti za mu je.

Iskar taya muka rage. A jikin tayarsa an rubuta PSI 40 zuwa 65, wato ma'aunin ƙarfin iskar da za ta ɗauka, kuma mai faci ya kai ta kusan ƙarshe. Taya mai tauri haka a kan 'yan tsakuwa kaɗan take tsayawa, tana tsalle a kansu. Muka sauke ta baya zuwa wajen 35, ta gaba wajen 30, don roba ta ɗan baje ta rungumi ƙasa. Ba a wuce nan sosai in ana amfani da tif, domin bakin marmara zai matse shi da ƙarfen wili ya huda shi wuri biyu. Tun da ba shi da geji a ƙauye, sai na sa ya danna da babban yatsa ya riƙe yadda take lotsawa.

Komawa kan hawan

Abu na farko shi ne a gama da giyar gaba tun kafin rairayi. Farantin gaba ba ya son a sauya shi ƙafa tana da nauyi, kuma a cikin hawa babu lokacin da ƙafa za ta rasa nauyi. Akwai wata dabara a cikin lissafin haƙoran: 34 a gaba da 28 a baya kusan mita 2.5 suke bayarwa, 24 a gaba da 20 a baya ma kusan mita 2.5 ne. Nauyinsu a ƙafa ɗaya ne. Amma mai 34 da 28 ya ƙure giyar baya, ba shi da wurin gudu sai gaba, shi kuwa mai 24 da 20 yana da sauran mataki uku a hannunsa, 22 da 24 da 28. Don haka tun yana kan ƙasa mai tauri a bakin gona yake sauka kan ƙaramin faranti, ya shiga rairayi a kan 20.

A cikin rairayi nauyi baya yake komawa kaɗan, hannu ya yi sako-sako, a bar tayar gaba ta ɗan yi yawonta ba a yi kokawa da ita ba. Ba birki, ba juya kai da ƙarfi, feda kuma ba ta tsayawa. Wannan bai ba shi wahala ba.

Tsakuwar ce ta ci lokaci. Na ce ya zauna, kada ya miƙe ko me ya faru. Gwajin farko ya zauna a miƙe, hannuwa a sandare, ƙugu a can bayan sirdi. Tayar baya ta kama ƙasa da kyau, har ya yi murmushi, amma da hawan ya ƙara tsauri sai tayar gaba ta fara ɗagawa da kowane taku, tana sauka hagu tana sauka dama, har ta kai shi bakin kwarin ruwa ya dire. Ya ce, "Kawu, in na tsaya ta baya ta zame, in na zauna ta gaba ta tashi. To ina zan sa kaina?"

Tambayar nan ita ce dukan sirrin hawa. Amsar ita ce a raba jiki biyu. Ƙugu ya zauna a kan sirdi don ya danne tayar baya, amma ya matso gaba zuwa siririn hancin sirdin. Ƙirji ya sauko kusa da kan keke don ya danne tayar gaba. Gwiwar hannu ta lanƙwashe ta matso jiki, hannu kuma ya ja kan keke baya da ƙasa, wajen cibiyar tayar baya, ba sama ba. Gwargwadon tsaurin hawa, gwargwadon matsowa da sunkuyawa. Zama a hancin sirdi ba daɗi, na sani, amma na minti ɗaya ne. Kuma ba wuri ɗaya ake kafewa ba: in ka ji ta baya tana neman zamewa ka ja ƙugu baya kaɗan, in ka ji ta gaba ta yi sako-sako ka ƙara sunkuyawa. Abin da ke tsakanin biyun bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku a kan sirdi ba, kuma jiki ne ke koyon sa, ba kunne ba. Ya yi ta maimaita guntun nan har ya daina tunanin sa.

Saurin juya feda muka sa wa ma'auni: gwiwar dama ta hau sau 18 zuwa 20 a cikin daƙiƙa 15, wato zagaye 70 zuwa 80 a minti. In ya ji ƙafa ta fara nauyi, kafin ta yi nauyin sosai, sai ya sauya giyar baya mataki ɗaya. Yadda ake yi: ka ba feda ƙarfi sau ɗaya don keke ya ɗan yi gaba, ka sassauta ƙafa tana ci gaba da juyawa, ka murɗa, ka ji sarƙa ta zauna, sannan ka mayar da ƙarfi. Duka bai kai daƙiƙa biyu ba. Tun daga ranar gurnanin nan ya ɓace. Silifa ma muka ajiye ta, domin tana zamewa daga feda daidai lokacin da ake buƙatar ta, ya koma kambas, yana kuma naɗe ƙafar wandonsa ta dama.

Ido ma sai da aka koya masa inda zai kalla. Da tayar gaba yake kallo, duk dutsen da ya zura wa ido kuma shi yake bugawa. Yanzu mita biyar ko shida gaba yake dubawa. Hanyar da babura suka bi tana jan ido domin ta yi kama da layi, amma a nan tsakuwa ta fi taruwa. 'Yar siririyar hanyar ƙafa da ke gefe, inda mutane da jakai suka share tsakuwa da tafiya, ta fi riƙo. Marmarar da ta fito fili kuwa, duk da muninta, ita ce ta fi ko'ina kama taya in ta bushe. Kwarin ruwa a gicciye ake tsallake shi, in ka bi shi a karkace tayar gaba ta faɗa ciki ta bi shi.

Sai kuma tattalin numfashi. Ya saba ƙone ƙarfinsa a gindin hawa. Na ce ya fara a hankali yadda zai iya amsa sallama ba tare da numfashi ya sarƙe ba, ya ajiye abin da ya rage don mita 30 na ƙarshe. In kuma ya tsaya a tsakiya, ba sai ya tura ba: ya karkatar da keken ya ɗan gicciye hanya, ya riƙe birki, ya ɗago feda ɗaya sama da gaba, ya zauna a sirdi, ya saki birki yana takawa a hankali.

Dakalin dutsen da ke sama shi ne wuri ɗaya da na yarda ya ɗaga daga sirdi. Ana fuskantar sa kai tsaye, a ƙara sauri da taku biyu, a ba feda ƙarfi tare da ɗan jan kan keke don tayar gaba ta hau, nan take a turo jiki gaba a sassauta wa ta baya ta biyo. Sai an kuma lura kada feda ta kasance a ƙasa daidai bakin dutsen. Wannan ya fi komai yi masa wuya. Kafin ya ƙware sai ya gano cewa ta hannun hagu dutsen ya farfashe, akwai 'yar hanya mai lanƙwasa da ta fi tsawo kaɗan amma ba dakali. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ya nuna ya fara karanta ƙasa da kansa.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Bayan 'yan makonni yana haurawa har sama a kan keke in ba kaya, cikin kamar minti biyu, kuma yana isa da sauran numfashi. Ciwon gwiwar ya lafa. Sarƙa ba ta sake tsinkewa ba har aka kwashe albasa. Maganar sayarwa ta mutu, biyu daga cikin masu dariyar ma sun kawo kekunansu a duba musu wayar giya.

Kaya dai har yanzu matsala ne. Nauyi a kan kariyar baya yana ƙara wa tayar baya riƙo, amma yana sa ta gaba ta yi sako-sako, sai an ƙara sunkuyawa. Rataya jarka a mariƙin keke, kamar yadda ya saba, na hana shi gaba ɗaya, domin lilonta yana ƙwace kan daga hannu. In kayan sun wuce kilo 20, yana hawan tsakuwa amma yana sauka a mita 30 na ƙarshe ya tura, kuma a ganina daidai yake yi. Faɗuwa ta baya a kan marmara da kaya ba ƙaramin rauni take jawowa ba.

Zafi ma yana cikin lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, shi kuma da tsakar rana yake tasowa daga gona, bayan ya yi awoyi yana ban ruwa. Mun yi da shi cewa zai sha ruwa ya huta a inuwa kafin ya fara hawa, in ya ji jiri ko kansa ya sara ya sauka nan take. Da azumi kuwa tun da hantsi yake haurowa. Damina za ta sauya wurin: rairayi zai yi tauri ya yi sauƙi, marmarar da laka ta shafa za ta yi santsi, kwarin ruwa kuma zai iya sauya hanya, don haka layin da ya haddace sai ya sake duba shi bayan ruwan farko.

Abin da dabara ba za ta gyara ba shi ne haƙori 28 bai isa ba a wuri mafi tsauri in da kaya, ƙafarsa tana saukowa ƙasa da zagaye 60 a minti, tayar kuma ta fara neman zamewa. Akwai jerin baya na Shimano mai bakwai da ke ƙarewa da haƙora 34, wanda zai sauke zagaye ɗaya zuwa ƙasa da mita 1.5. Dattijon ya duba ƙarfen da ke tura sarƙar baya ya ce doguwar ƙafa gare shi, zai ɗauka, sai dai a ƙara wa sarƙa gaɓa. Bai samu irinsa a kasuwar birni ba, ya ba da saƙo a kawo daga Kano, yaron kuma ya ware kuɗin daga cinikin tafarnuwa.